Albam ɗin da Aka Dawo da Shi Sau Biyu: Nazarin Wani Aikin Hoton Biki a Birnin Kebbi

Cikin hunturu aka yi bikin. Amarya 'yar Argungu ce, ango kuma mazaunin Gesse a Birnin Kebbi. Shagon da aka ba aikin hoto ƙarami ne: mai shago da babbar kyamararsa, abokin aikinsa da yake ɗaukowa idan taro ya yi yawa, sai yaro ɗaya mai gyara a laftof. An yi ciniki a kan albam ɗaya da babban firem mai inci 16 da 20. Shagon ba shi da injin wanke manyan hotuna, don haka Sakkwato ake aikawa a wanke, a sako a mota.

Albam ya iso, aka kai gidan amarya, aka dawo da shi. Aka gyara, aka sake wankewa, aka sake dawowa da shi. A karo na biyu gwaggon amarya da kanta ta zo shagon, ta buɗe shafin da amarya take ita kaɗai, ta ce wa mai shago, "Malam, wagga ba ɗiyata ba ta. Mi kunka yi mata?" Daga nan aka kira ni in duba, saboda na riga su shiga sana'ar kuma a hannuna yaron ya fara koyon gyara.

Ƙorafe-ƙorafen sun yi yawa. Fuskar amarya ta yi toka-toka har da ɗan kore. Jan leshinta ya koma kalar bulo. Farar shaddar ango ta zama fili fetal babu zane. Babban firem ya yi dishi-dishi, an kuma yanke saman ɗaurin ɗankwalinta. Akwai ɗigo-ɗigo a sararin sama a hotunan ɗaurin aure. Yaron ya tsaya a kan cewa laifin mai wanki ne, tunda a allonsa komai ya yi kyau. Mai wanki ya ce abin da aka turo masa ya wanke. Dukkansu gaskiya suka faɗa, shi ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa. Gyaran da aka yi tsakanin wanki na farko da na biyu shi ne ƙara wa fuskar haske da ƙara ja a leshi, wato an ƙara aiki a kan fayil ɗin da ba a san ainihin ciwonsa ba.

Ni ba ta allo na fara ba. Na roƙi mai wanki ya turo ainihin fayilolin da ya sa a inji, kamar yadda suke a kwamfutarsa. Da suka iso, hoton firem ɗin fiksel 1600 ne a dogon gefensa, fiksel kuwa su ne ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. Kyamarar mai shago tana fitar da 6000 da 4000. Ina sauran suka tafi? An tura hotunan ta WhatsApp a matsayin hoto, shi kuma ya matse su kamar yadda ya saba. Lissafin ba wuya: raba 1600 da inci 20, ka samu fiksel 80 a kowane inci, tun ma kafin a yanke shi ya dace da firem. Wanki mai kaifi 300 ake nema, ko da yake firem da ake kallo daga nesa yana lamuntar ƙasa da haka. Da an tura asalin fayil, bayan an yanke shi ya dace da 16 da 20, za a samu 5000 da 4000, wato 250 a kowane inci, kuma wannan ya wadatar sosai. Tun 2023 WhatsApp ya ƙara zaɓin HD, amma shi ma matsewa yake yi, sai dai ya fi sauƙi. Hanyar da ba ta taɓa fayil ita ce a tura shi ta zaɓin Document, ba a matsayin hoto ba, ko a sa a filashi a ba direba. Yanke ɗankwali kuma daga siffar takarda ne: hoton kyamara 2 da 3 yake, firem ɗin 4 da 5, dole wani abu ya fita. Idan mai gyara bai yanke da hannunsa ba, inji zai yanke masa inda ya ga dama.

Wannan ya warware maganar firem. Bai ce komai a kan tokar fuska ba.

Abin da ya buɗe hanya shi ne na baza shafukan albam ɗin a kan tebur na kalle su gaba ɗaya. Hotunan taro, na ƙawaye da na dangi, launinsu lafiya lau. A ɗaya daga cikinsu amarya tana tsakiya da wannan jan leshi, kuma ja ne sosai. Waɗanda suka lalace su ne na amarya ita kaɗai da na ita da ango, wato hotunan da aka fi ɓata lokaci a kansu. Na tambayi yaron me ya raba waɗannan da sauran. Ya ce, "Oga, su ne na kai Photoshop na gyara fata. Sauran daga Lightroom na fitar da su kai tsaye." Dukkansu biyun manhajojin gyaran hoto ne.

A nan gizo ke saƙar. Kowane fiksel lambobi uku ne, na ja da na kore da na shuɗi, kuma lambobin ba su da ma'ana sai an faɗi mizanin da aka auna su da shi. Kamar ka aiki yaro kasuwar Jega ka ce ya auno maka gero biyar, kai tiya kake nufi, mai awo kuma ya auna da gwangwani: biyar ɗin ta cika, amma abin da ya iso gida bai kai ba. Mizanin da wayoyi da intanet da yawancin injinan wanki suke ɗauka shi ne sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996. Akwai Adobe RGB na 1998 da ya fi shi faɗi, akwai kuma ProPhoto RGB na Kodak da ya fi su duka. Idan ka tura hoto daga Lightroom zuwa Photoshop ba ka canza saitin farko ba, a ProPhoto RGB yake zuwa. Yaron ya gama gyara, ya ajiye JPEG, wato matsattsen fayil ɗin hoto na yau da kullum, daga can, fayil ya tafi da lambobin babban mizani. Photoshop yana karanta alamar mizanin da ke jikin fayil, don haka a wurinsa launi daidai ne. Fayilolin da suka isa Sakkwato kuwa babu wannan alama a jikinsu, injin ya karanta su a matsayin sRGB. Sakamakon hakan sananne ne ga duk wanda ya taɓa faɗawa ciki: ja ya mutu, fata ta yi fari-fari da kore.

Gyaran na minti ɗaya ne, amma akwai tarko. Photoshop yana da umarni biyu makusantan juna, masu sana'a na ce wa ɗaya konbat, ɗayan asayin. Konbat yana sake lissafa lambobin don launin ya tsaya yadda ido ke ganinsa a sabon mizani. Asayin suna kawai yake canza wa fayil, lambobin na nan yadda suke, wato kuskuren da injin ya yi shi ne za ka maimaita da hannunka. Na sa yaron ya yi asayin zuwa sRGB a kan hoton amarya don ya gani da idonsa. Nan take fuskar da ke cikin albam ta bayyana a allonsa, toka da kore. Daga wannan lokaci bai ƙara ambaton mai wanki ba.

Muka yi konbat, muka wanke ƙananan gwaji masu inci 4 da 6 a nan cikin gari. Leshi ya dawo ja. Koren ya tafi. Amma hotunan sun fi na allo duhu, kuma fuskar har yanzu ba ta da rai.

Duhun daga allo ne. Teburin yaron yana fuskantar ƙofar shago, hasken titi na dukan fuskar laftof, shi kuma ya ƙure hasken allo don ya iya gani. Allon da ya yi haske fiye da kima yana nuna maka hoto mai duhu kamar mai haske, sai ka bar shi haka ko ma ka rage. Takarda ba ta da fitila a bayanta. Masu gyara don wanki sukan saita allo tsakanin kandela 80 zuwa 120 a kowace murabba'in mita (kandela ma'aunin ƙarfin haske ce), yawancin laftof kuma idan aka ƙure su sun ninka wannan. Shagon ba shi da na'urar saita allo. Abin da muka yi shi ne juya teburin ya ba ƙofa gefe, muka rage haske har farar takarda da aka riƙe kusa da allo ta yi kusan daidai da farin allon, sannan muka riƙa dogara da histogaram, wato zanen da ke nuna rabon haske da duhu a hoto, da ƙananan gwaji maimakon ido kaɗai. Ba cikakken magani ba ne, amma ya rage tazarar. Na kuma roƙi mai wanki ya kashe gyaran kai-da-kai na injinsa, domin idan injin ya ga farar shadda ta cika hoto yakan rage haske gaba ɗaya, fuskoki su ƙara nutsewa.

Sauran matsalar ita ce mai nauyi, kuma ba ta inji ba ce. Na ɗora alƙalamin auna launi a kuncin amarya a hoton da aka gyara: ja 168, kore 152, shuɗi 146. Na koma asalin fayil na auna bayan hannunta inda babu lalle: ja 122, kore 84, shuɗi 64. Dubi tazarar. A fatar gaske ja ya ba shuɗi rata mai yawa, kuma wannan ratar ita ce ɗumin da ke sa baƙar fata ta yi sheƙi. A hoton da aka gyara lambobin uku sun matso kusa da juna, kuma duk inda suka haɗu toka ake samu. Babu asiri a ciki. Yaron ya yi amfani da wani firiset, wato shiryayyen saitin gyara, da ya sauko da shi daga intanet, wanda ke rage kaurin ruwan lemo ya ƙara masa haske. A kan farar fata wannan yana rage ja-ja. A kan fatar amaryarmu ya kwashe launin gaba ɗaya. Ya kuma taɓa duk abin da ke kusa da ruwan lemo a hoton: jan lallen yatsunta ya kode, sarƙar gwal ta koma kamar azurfa marar kyau.

Wannan ba sabon ciwo ba ne a sana'ar. A shekarun 1950 Kodak ya fara raba wa gidajen wanki wani kati mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, da shi ake saita launin inji, kuma sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu fata iri-iri. 

Amma ba zan ɗora wa firiset laifin duka ba. Da na matsa wa yaron da tambaya, ya ce tun ranar kamu gwaggon ta ja shi gefe ta ce a haskaka mata ɗiya. Duk mai gyaran hoto a ƙasar Hausa ya san wannan roƙon. Ra'ayina a kai shi ne: akwai bambanci tsakanin a haska mutum da a canza masa fata. Na farko aikin mai hoto ne, a ɗaga haske a goshi da kunci da karan hanci, a buɗe inuwar ƙarƙashin ido, ratar launi tana nan. Na biyu kuwa ko an so shi takarda ba ta karɓarsa da kyau, kullum toka yake ƙarewa, sannan fuska ta rabu da wuya da hannu. A wannan aikin ma akwai ƙarin abu: mai kwalliya ta sa hoda mai yawa ƙarƙashin ido, irin mai sinadarin silika da ke mayar da hasken filasha, don haka tun a asalin fayil wurin ya riga ya yi fari fiye da sauran fuska. Wurin ragewa yake buƙata, aka je aka ƙara masa.

Sai gyaran laushin fata. Dabarar da yaron ya bi ita ce raba hoto leya biyu, wato shimfiɗa biyu a kan juna, ɗaya ta launi ɗaya ta ƙwayar fata, a gyara ta launi a bar ta ƙwaya. Dabara ce mai kyau idan hannu bai yi nauyi ba. Shi ya goge har ƙwayar, kunci ya zama kamar roba. Abin da ya fi ɓata wa dangi rai ma ba a fuskar amarya yake ba. A hoton da take tare da kakarta, ya bi fuskar tsohuwar da irin wannan gogewa, askar Kabawa da ke kumatunta ta dushe har ta kusa ɓacewa. A wurinsa tabo ne ya share. A wurin gidan kuwa an goge asalin tsohuwa. Garin neman gira an rasa ido. Ƙa'idar da nake ba duk wanda na koya wa ita ce a cire abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu, kamar ƙurji ko zufa ko hodar da ta taru, a bar abin da mutum ke rayuwa da shi, aska ce ko tawadar Allah ko wushirya, sai idan shi ya ce a taɓa.

Ba a iya rage gyaran ba, saboda ya haɗe leyoyin wuri ɗaya ya ajiye JPEG a kan JPEG, kuma kowace ajiya tana ƙara zubar da wani abu. Dole aka koma fayilolin RAW, wato ɗanyen abin da kyamara ta ɗauka, aka faro daga tushe. Sa'ar da aka yi mai shago bai goge memorin ba.

Da aka koma tushe sai wata matsala ta fito wadda toka ta rufe a da. An yi kamu da dare a ƙarƙashin rumfa, da ƙwayayen fitila iri biyu, wasu masu ruwan ɗorawa wasu farare masu ɗan kore, ga kuma filasha. A ma'aunin launin haske da ake kira Kelbin, filasha tana kusan 5500, kamar hasken rana, ƙwan mai ruwan ɗorawa kuma 2700 zuwa 3000. Saiti ɗaya ba zai gyara hoto mai haske uku ba: ka daidaita fuska, baya ya yi rawaya, ka daidaita baya, fuska ta yi shuɗi. Mun daidaita kan fuska, sannan muka zaɓe bayan shi kaɗai muka rage masa rawaya da kore. Yaron ya so ya ɗauki farar shaddar ango a matsayin farin da zai auna da shi, na hana. Farar shadda ba fara ba ce a idon kyamara, tana da shuɗi-shuɗi, balle idan ta sha bula a wurin mai wanki da guga. Ka ce wa kwamfuta wannan ne fari, za ta zuba wa hoton rawaya don ta kashe shuɗin. Farar kujerar roba da ke gefe ta fi ta gaskiya, da ita muka auna.

Wasu hotunan kamun ba su gyaru ba. Abokin aikin ya ɗauka ba filasha, da shata marar ƙara mai sauri (shata ce ke barin haske ya shiga kyamara na ɗan lokaci), sai ga ratsi-ratsin haske da duhu a kwance. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙwayayen fitila masu araha suna ƙyaftawa sau 100, ido ba ya gani amma sensa, wato abin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, tana gani. Maganinsa a wurin ɗauka yake, a sa shata a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa, kuma ko wannan ba ya cika aiki idan janareta ne ke ba da wuta yana hawa da sauka. Biyu daga ciki da ratsin bai yi ƙarfi ba muka mayar baƙi da fari, sauran aka cire su daga albam.

Shaddar ango ta rabu gida biyu. A hotunan mai shago, da yake RAW ne mai bit 14, wato matakan haske 16,384, da aka ja haske ƙasa zanen shaddar da aikin wuyan babbar riga sun dawo kusan duka. Abokin aikin JPEG ya ɗauka, mai bit 8, matakai 256 kacal, kuma a rana tsaka a ƙofar masallaci. Inda alƙalami ya nuna 255 a duka ukun babu abin da ya rage a ciki. Ka ja ƙasa, toka mai laushi za ka samu, ba zane ba. Yaron ya kawo shawarar a sa kwamfuta ta ƙirƙiro zanen da sababbin kayan cikawa. Na ƙi, domin ango ya san aikin da ya biya aka yi masa a wuya, kuma wani zane daban zai gani. Muka zaɓi hotunan mai shago inda akwai, inda babu muka matso da yanka zuwa fuskoki.

Ɗigon sama ƙurar hunturu ce da ta hau sensa lokacin canza lensi a fili. Shaidarta ita ce tana wuri ɗaya a kowane hoto, kuma tana fitowa ne idan an tsuke ƙofar lensi zuwa f/11 ko f/16. An share a hoto ɗaya aka kwafa gyaran zuwa sauran, sannan aka bi su ɗaya-ɗaya, saboda a wasu ɗigon ya faɗo kan hular mutum ne, sharewar ta ɓata zanen hular.

Kafin a aika wanki na uku na ba da shawarar kada a yanke hukuncin fata a shago. Aka wanke hoton amarya kala uku a ƙaramar takarda: ɗaya yadda take, ɗaya an ɗaga haske kaɗan launi na nan, ɗaya kuma irin hasken da aka nema tun farko. Mai shago ya kai gidan. Ya ce gwaggon ta daɗe tana jujjuya na ukun, amma amarya ta ɗauki na biyu ta ce, "Goggo, wanga shi ne ni." A kan na biyun aka daidaita sauran, aka fitar da su a sRGB da alamar mizani a jiki, an yanke kowanne daidai girman shafinsa, aka sa a filashi aka ba direban Sakkwato.

An karɓi albam na uku. Kuɗin wanki biyun farko mai shago ne ya ɗauka, kuma ya ce ribar aikin ta tafi a nan. Yanzu yaron yana ajiye fayil mai leyoyi daban da wanda zai tura, abokin aikin an sa shi ya koma RAW duk da ƙorafinsa cewa yana cinye memori, kuma ba a aika babban aiki sai an ga ƙaramin gwaji a takarda. Maganar haskaka fata ce ba a daidaita a kanta ba. Mai shago yana ganin idan ya ƙi, shagon gaba zai yi, kuma masu biki can za su koma. Abin da ya yarda da shi kawai shi ne a riƙa nuna gwaji uku ga mai hoton da kanta, ba ga wanda ya zo biyan kuɗi ba.